Littattafan da Kaka Ta Rataye a Hayaƙi

A shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito aka kai ni zama wajen Kaka. Ban san lambar shekarar ba a lokacin, amma duk wanda ya kai shekaruna a ƙasarmu yana tune da ita. Da rana ta faɗi, kafin duhu ya gama rufewa, sai ka hango ta can sama da tsaunuka, fara sol, da jela kamar an ja tsintsiya a kan gari. Ta yi makonni tana fitowa, tun tsakiyar bazara har ruwan farko. Ina da shekara goma sha biyu.

Dalilin kai ni shi ne rasuwar Kawu Bulus, ƙanin mahaifiyata. Ya rasu gab da Kirsimeti bayan doguwar jinya, kuma shi kaɗai ne ɗa namiji a wajen Kaka Saratu. Ba wanda zai saro mata itace ko ya kama mata noma a ƙauyenmu da ke bayan Gidan Waya, sai aka ce in tafi. Aji biyu na yi a makaranta, shi ma rabi a aji rabi a bayan awaki. Ban yi kukan barin ta ba.

Mutane sun tsorata da tauraruwar. Wasu suka ce yaƙi ne ke zuwa, wasu suka ce wani babba zai mutu, har sai da Fasto ya yi wa'azi a kai ranar Lahadi don hankula su kwanta. Kaka kuwa, ranar da na nuna mata, ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ashe ya tashi."

Na ce wa ya tashi.

"Jirgin kawunka mana, maigida. Ba ka ga hayaƙinsa a baya ba?"

Haka take kirana, maigida, irin wasan kaka da jika, kuma takan ƙara da cewa ba ta taɓa auren miji mai cin tuwo irina ba. Na zaci ciwon rashin ɗa ne ya taɓa mata kai. Sai na ga tana dariya, hawaye kuma yana bin kumatunta. Ta ce in kira yaran unguwa bayan an ci abinci. A yammacin nan na fara jin labarin da ya bi ni har yau da na haura arba'in.

Sai na faɗi wane ne Kawu Bulus tukuna. A tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan yake aiki. Yana zama a wani ɗan ɗaki a gefen layin dogo, in jirgi zai shigo ya juya masa layi ya ɗaga tuta. A zamaninsa jirage sun fara raguwa, wata rana ya wuni bai ga ko ɗaya ba. Abokan aikinsa suna kashe lokaci da dara a gindin mangwaro, shi kuwa sai ya ɗauko littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro shuɗi, ya duƙufa. Abin da yake rubutawa ba tarihi ba ne, ba wa'azi ba. Labaran abin da bai faru ba tukuna ne: garuruwa a sama, injuna masu magana, mutanen da jikokinmu ma ba za su riske su ba. Da Hausa yake rubutawa, Hausar Littafi Mai Tsarki da ta rediyo, duk da cewa a gida yarenmu muke yi.

Sau ɗaya ya karanta wa abokan aikinsa. Daga ranar suka sa masa suna Direban Wata, in ya wuce su ce ya ajiye musu kujera kusa da taga. Sau ɗaya kuma ya ɗauki littafi biyu ya kai wa wani mai buga littattafai a Jos. Mutumin ya tambaye shi ko akwai soyayya a ciki, ko koyarwar addini. Ya ce babu. Mutumin ya miƙa masa kayansa. Daga nan mai sauraronsa ya zama mutum ɗaya tak, wato uwarsa, wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Duk Asabar ta biyu yakan hau keke ya zo gida, ya zauna a kan turmi a kicin yana karanta mata tana tuƙa tuwo. Ni sau uku ko huɗu na gan shi. Abin da na riƙe shi ne dogo ne, aljihun rigarsa kullum da tabon biro, kuma in yana tafiya yakan yi tuntuɓe saboda idonsa yana sama.

Kicin ɗin Kaka zagayayyen ɗaki ne na ƙasa da jinka. Jinkar ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya har tana ƙyalli. A saman murhu take rataye irin shuka, kamar yadda kowace tsohuwa ke yi a wajenmu: zangarniyar dawa, masara da aka ɗaure da ɓawonta, acca a cikin ɗan gora. A tsakiyarsu akwai wani ƙunshi na fatar akuya, ɗaure da igiyar rama. Littattafan Kawu ne, guda goma sha ɗaya. Ni a tunanina na yaro, rashin akwati ne ya sa ta rataye su a wurin. Har tausayinta nake ji.

Mukan taru mu biyar ko shida bayan an ci faten acca, wuta ta koma garwashi. Kaka ba ta fara labarin Kawu yadda ake fara tatsuniya. Sai ta buga ludayi sau uku a bakin tukunya, kamar ƙararrawar tasha.

"Jirgi zai tashi. Wanda ba shi da tikiti ya sauka."

Mu ce mun yanka. Ta ce da me muka biya. Mu ce da kunne. Sannan ta juya harshe daga yarenmu zuwa Hausa, domin ta ce da Hausa yaron ya ba ta, da Hausa za ta mayar. Hausarta ta kasuwa ce da ta coci, tana ɗauke da muryar yarenmu, amma ban taɓa jin wanda ya sa kalma ta yi nauyi kamar ita ba.

Labarai bakwai na Kawu ta ba mu a tsawon shekarun. Akwai na mutumin da yake kama ruwan sama ya adana a kwalabe. Akwai na injunan huɗar citta da suka ƙi aiki ranar Lahadi, suka jeru a bayan coci suna jiran a ba su benci. Wannan kam har mukan faɗi ƙasa don dariya. Amma babban cikinsu, wanda ta fara da shi a daren tauraruwar, shi ne na jirgin iri.

Ga yadda yake. Wani zamani zai zo da ƙasa za ta gaji, damina ta daina sanin watanta. Sai mutane suka ƙera jirgi mai tsawo kamar daga Kafanchan zuwa Zonkwa. Jirgin ba ya bukatar layin ƙarfe. Yana shimfiɗa layin haske a gabansa, yana naɗe shi a bayansa, a haka ya hau tsauni ya wuce gajimare. Inda za shi wata duniya ce mai rana biyu, tafiyar kuma shekara sittin ce. Waɗanda suka shiga ba su ne za su sauka ba, jikokinsu ne. A ciki akwai taragon makaranta, da na lambu inda ganye ke yi wa mutane iska, da wanda ake kwantar da matattu. Mai tuƙin ba mutum ba ne. Murya ce da ke fitowa daga bango, tana jin kowane yare, ana kiranta Sarkin Tasha. Shi ke ƙirga iskar jirgin, har numfashin jariri bai wuce masa ba.

Doka ɗaya ce babba a jirgin: ba a hura wuta, domin wuta tana cin iska. Duk irin shuka an zuba shi a ɗakunan ƙarfe masu sanyi, an kulle, ba za a buɗe ba sai an isa. Amma akwai wata tsohuwa, Kande, wadda ba ta yarda da irin da ba ya shan hayaƙi ba, kuma ba mai duba shi. Ta shigo da 'yar tukunya a ƙarƙashin zanenta, da garwashi ɗaya a ciki, da tafin hannu na acca. Tana ciyar da garwashin da busasshen ganye daga taragon lambu. Duk shekara uku ta shuka accar a fasasshiyar ƙwarya, ta girbe, ta mayar da sabon iri bisa hayaƙi.

Saura maganar iska. In lissafi ya canja, Sarkin Tasha zai gane. Kande kuwa ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata, muryarta tana kai tarago uku. Sai ta daina waƙa. Ta rage magana, ta rage tafiya, ta bar wa garwashi rabon iskarta. In ana waƙoƙin ibada sai dai a ga leɓenta yana motsi. Da ta tsufa ta miƙa wa 'yarta tukunyar da shirun tare, 'yar kuma ta miƙa wa tata 'yar, Ladi.

In Kaka ta zo nan takan yi shiru ita ma, mu ji ƙarar garwashi kawai. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu, mun kuma san abin da waƙa take a wajenta. Ni nakan ɗaga kai in kalli jinka, in ga baƙin nan mai ƙyalli da tartsatsi yana hawa, sai in ji kamar kicin ɗin ne tarago, muna tafiya, ƙauyen ya yi nisa a ƙasa. In na leƙa ƙofa kuwa ga tauraruwar can da jelarta. Ban taɓa jin na yi ƙanƙanta haka ba, ban kuma taɓa jin duniya ta yi faɗi haka ba.

Saura kwana ɗaya a isa, rana biyun sun fara haska tagogi, sai muryar ta fito daga kowane bango: "Ladi jikar Kande, kawo tukunyar." Ladi ta ɗauka, ta ratsa tarago arba'in, mutane suna matsawa suna toshe hanci, don a cikinsu ba wanda ya taɓa jin warin hayaƙi. Ta isa ƙofar gaba. Ƙofar ta buɗe.

Sai Kaka ta buga ludayi sau ɗaya. "Nan Bulus ya tsaya."

Muka yi ta roƙo. Wani abokina Danladi ya ce ai ita ma ta iya ƙirƙira, ta ƙarasa mana kawai. Ta harare shi.

"Ni hanyar gona na sani, ban san hanyar sama ba. Yaron ya ce ya rubuta ƙarshen a gadon ciwo, zai karanta mini in ya ji sauƙi. Yana can." Ta nuna ƙunshin da ludayi.

Na ce to a kai wa malamin makaranta ya karanta mana. Ta ce sun yi masa dariya yana da rai, ba za ta miƙa shi a yi masa dariya a kabari ba, jininsa ne zai karanta. Mahaifiyata ba ta yi makaranta ba, haka ƙannenta mata. Sai na buga ƙirji na ce ni zan karanta mata.

"Kai? Maigidan da ya gudo daga aji biyu?" Ta kwashe da dariya. Can ta ce, "To. Zan jira."

Ta jira shekara goma. Sau da yawa ta sake ba mu labarin, kullum kuma a bakin ƙofar nan yake tsayawa. Ba ta taɓa ƙara ko taku ɗaya ba. Duk shekara in ruwa ya sauka aka sauko da iri don shuka, takan sauko da ƙunshin, ta kwance, ta buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, ta kaɗe, ta ɗaure, ta mayar. Ni kuwa kullum ina cewa bayan an haƙe citta zan koma karatu. A haƙe, a yanka, a shanya, a kai kasuwa, sai ga sharar gona ta zo. Na yi aure. Aka haifa mini Rahila. A daminar da Kaka ta kwanta ciwon ajali ta tambaye ni na kai wane baƙi. Na ce na kusa. Ta san ƙarya nake yi.

Ta ce, "In ka karanta, ka karanta da ƙarfi. Kunnena yana da kyau."

Muka binne ta a bayan gida.

Bayan wasu shekaru citta ta yi albarka, na gina ɗaki biyu na bulo da rufin kwano. Kicin ɗin Kaka ya fara zubewa, matata Laraba kuma ta koma girki a rumfa. Ranar da za mu rushe shi na hau na sauko da ƙunshin da kaina. Na ce a raina, yau dai Kawu zai fita daga wulaƙanci. Na je Kafanchan na sa kafinta ya yi mini akwatin katako mai kyau, da makulli. Na cire tsohuwar fatar na jefar, na sa tsumma na goge kunkunniyar iya yadda za ta gogu, na naɗe littattafan a farin ƙyalle, na kulle, na tura akwatin ƙarƙashin gado, jikin bango. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar. Ni da na girma ina ganin ana rataye iri a hayaƙi don ƙwari, ni da na ji labarin Kande ba adadi, ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa Kaka ta san abin da take yi.

Da farko nakan buɗe duk Kirsimeti. Daga baya na daina, saboda duk lokacin da na ga rubutun da ba zan iya karantawa ba sai kunya ta hana ni cin abinci. Da Rahila ta shiga sakandare ta ce, "Baba, kawo in karanta maka mana, ai ni ma jininsa ce." Gaskiyarta. Amma na ce a'a, ni na yi alkawari, ni zan cika. Mutane suna yaba mini haƙuri a ƙauyenmu. Wannan karon haƙurin nawa girman kai ne ya sa riga.

Abin da ya kai ni aji shi ne shekarar da cuta ta kama citta ta ruɓe a ƙasa. Ba abin haƙa, ba abin shanyawa, na rasa uzurin da na saba bayarwa. Akwai ajin yaƙi da jahilci da wata Malama Rifkatu ke yi a zauren coci da la'asar, yawancinsu mata 'yan kasuwa. Na shiga na zauna a baya. Hannun da ya saba da fartanya ya karya fensir uku a makon farko. Matan suna tsokanata da ɗan autan aji. Shekara biyu na yi. Ranar da Malama ta ba ni shafi guda na karanta daga sama har ƙasa ban tsaya ba, ban jira an tashi ba, na kama hanyar gida.

Da na jawo akwatin sai na ji ya yi nauyi fiye da yadda na sani, gindinsa kuma ya manne da bango da jar ƙasa. Na buɗe. Ƙasa ce cike, mai ramuka ramuka, gara tana kai da kawo a ciki hankalinta kwance. Ta shigo ta tsagar siminti, ta huda katakon ta baya inda ido ba ya gani. Farin ƙyallen babu shi. Na sa hannu, sai takarda ta zama gari a yatsuna. Na zauna a ƙasa. Laraba ta shigo ta gan ni, ta koma ta kira Rahila.

Rahila ce ta kawo faranti da gashin kaza, muka riƙa share ƙasar a hankali. A saman tulin muka sami ganyen takarda shida, a can ƙasa kuma huɗu. Su ne na waje, waɗanda suka fi shan hayaƙi a cikin ƙunshin, suka yi ruwan ƙasa kamar busasshiyar taba, tsummana bai iya goge abin da ya shige su ba. Gara ta zo kansu ta juya. Na kai su hanci. Warin kicin ɗin Kaka yana nan.

Rahila ta miƙa mini su ta ce ba za ta duba ba. Mako uku na yi ina karanta ganye goma, don rubutun Kawu a haɗe yake, ba irin na allon Malama ba. Shidan farko mafarin labarin jirgi ne. Na yi mamaki da na ga babu Kande a ciki. Injuna ne, da tsawon jirgi, da yadda layin haske yake aiki. Sai a gefen shafi na huɗu na ga ƙaramin rubutu a karkace: "Mama ta ce wane wawa ne zai kulle iri shekara sittin bai duba ba. Ta ce a sa tsohuwa. A gyara." A shafi na gaba kuma: "Mama ta ce iri sai ana shuka shi." Na ajiye takardar na fita waje. Shekara talatin ina ɗauka mutum ɗaya ne ya yi labarin nan. Ashe su biyu ne suke yinsa a kicin, ɗaya da biro, ɗaya da muciya, kuma ba ta taɓa faɗa mana ba.

Huɗun ƙarshe rubutun yana rawa, an ga hannun mara lafiya. Na farkonsu ya soma a tsakiyar magana, Sarkin Tasha ne yake cewa: "Na san da tukunyar tun ranar farko. Na ji waƙa ta ɓace daga tarago na tara, lissafin iska kuma bai canja ba. Shekara sittin ina so in san abin da ya fi waƙa daraja a wajen matar nan." Ganye biyu na tsakiya gara ta ci rabinsu, ban san hukuncin da aka yanke ba, ban kuma san abin da aka tarar a ɗakunan ƙarfe ba. A na ƙarshe an riga an sauka. Ladi ta watsa acca a jar ƙasa, inuwarta biyu a bayanta. An sa muryar Sarkin Tasha a ɗan akwati an ajiye a bakin gona, domin ya roƙa a fito da shi. Sai layin ya ce: "Bayan kwana", sai fili, sannan "gonar ta yi kore." A gefe an rubuta: "A tambayi Mama." Ƙarƙashinsa layi biyu ne suka rage. Ladi ta buɗe baki ta ja waƙar da ta koya daga motsin leɓen uwarta, ita ce kuma waƙa ta farko da aka yi a duniyar.

Kawu bai samu ya tambaya ba. Mutumin da ya san yadda za a shimfiɗa layi a tsakanin taurari bai san kwana nawa acca take yi ta tsiro ba, uwarsa kuma da ta sani ta yi shekara goma tana zaune a ƙarƙashin tambayar. Ni na sani. Ita ta koya mini a gonarta: in ƙasa ta sha ruwa, uku. Na daɗe da biro a hannu kafin na yarda na taɓa takardar. Sannan na rubuta a filin da ya bari. Haruffana sun fi nasa girma, sun ɗan hau kan layi.

Washegari da safe na je bayan gida na tsaya a kan kabarin Kaka, Laraba da Rahila suna daga nesa. Na buga cokali sau uku a jikin kwano, na karanta da ƙarfi kamar yadda ta ce. Na yi tuntuɓe a wurare da yawa. Na dai kai ƙarshe.

Da ina yaro na ɗauka labarin jirgi ne da taurari, kuma har yanzu in na ɗaga kai da yamma abin yana cika mini ciki. Amma abin da ya fi tsaya mini yanzu shi ne tukunyar. Kande ba ta ajiye iri ta tafi ba. Kullum tana kansa, tana hura masa, tana biya da muryarta. Kaka ma haka ta yi da littattafan, duk shekara ta sauko da su, duk yamma ta shuka su a kunnenmu. Ni ne na yi irin na masu ɗakin ƙarfe: na goge, na kulle, na ce sai ranar da na isa. Da na bar Rahila ta karanta tun ranar da ta tambaya, da yau ba wannan nake rubutawa ba.

Yanzu na sayi littafin rubutu irin na Kawu. In na dawo daga gona nakan rubuta abin da na tuna, layi biyar ko shida, hannu ya gaji in ajiye. Inda na rasa ba na ɓoyewa, nakan bar fili. Na nemi Danladi a Samaru Kataf inda yake gyaran babur, ya tuna mini rabin labarin kwalaben ruwa, ya ce in na kai wajen injunan coci in ajiye masa benci. Duk Lahadi ina karanta wa Laraba tana girki, ita ma ta fara cewa a gyara. Ganye goman suna cikin sabuwar fata, rataye a rumfarta tare da masara.

Kawu Bulus ya bar littafi goma sha ɗaya. Tara gara ta cinye gaba ɗaya. Na farko saura ganye shida, na ƙarshe saura huɗu, biyu daga ciki rabi ne. Cikin labarai bakwai da Kaka ta ba mu, uku ina riƙe da su, biyu guntu guntu, biyu sunansu kawai na sani. Waɗanda bai kai ga karanta mata ba, ba wanda ya san yawansu. Akwati ɗaya, ƙyalle ɗaya, kicin ɗaya. Abin da ya ƙaru a rubutun Kawu kalma ɗaya ce, da hannuna.